Mai Keke a Tsibirin Kaka Petrine

"Ko tsibirin, ko mai keke. Ba za ki haɗa biyu ba."

Kwana goma sha ɗaya ke nan da Kaka Petrine ta faɗi wannan magana a waya, amma har safiyar yau tana yi wa Sunniva amo a kunne. Kaka ba ta iya doguwar magana ba. Shekararta tamanin da ɗaya, ita kaɗai ta rage a tsibirin Ternholm tana kula da agwagin teku, kuma duk wanda ya san ta ya san in ta ce a'a, ko fasto ne ya zo ban baki sai dai ya sha kofi ya koma.

Sunniva ce babbar jika, hannunta tsibirin zai faɗa. Tun tana 'yar shekara shida take bin Kaka da kwando suna tsince lallausan gashin da agwagin ke bari a sheƙa, wanda ake ɗura wa bargo. Tana son wurin nan kamar ranta. Matsalar ita ce tana son Audun ma kamar ranta, ga shi rai ɗaya gare ta.

Audun mai gyaran keke ne daga Trondheim. Da hunturu yana shago, da zafi ya shigo sai ya kwashi baƙi 'yan yawon buɗe ido ya yi arewa da su a kan kekuna. Tun da ya girma bai taɓa cika wata uku a gari ɗaya ba. Shi ya ce a je a ga Kaka ido da ido, kuma shi ya kafe a kan keke za a je.

"In na je a mota kamar na ɓoye sana'ata ne," in ji shi. "Gara ta gan ni yadda nake."

Ƙarfe bakwai suka bar garin Sandnessjøen. Rana ta daɗe da fitowa, don a tsakiyar Mayu ba ta wani barcin kirki. Audun na gaba a kan baƙin keken da ya haɗa da hannunsa, jakunkuna huɗu a jikinsa. Sunniva na biye a kan wani ja da ya ara mata.

Suna fita daga gari titin ya lanƙwasa, sai ga duwatsun nan bakwai da ake kira 'Yan Mata Bakwai a jere ta hannun hagu.

Sunniva ta wuce 'Yan Mata Bakwai a mota ya fi sau ɗari. Ashe gilashi take kallo, ba su ba. Yau babu komai tsakaninta da su sai iska. Kawunansu fari fat da ƙanƙara, ƙugunsu baƙi, ruwa na gangarowa daga jikinsu sirara-sirara, kuma tana jin ƙararsa, abin da ba ta taɓa ji ba. Ta ɗaga kai har hular kwanonta ta zame baya, ba ta ga ƙarshensu ba.

Ta hannun dama kuwa teku ce a kwance, shuɗiya, ko motsi ba ta yi. Tsibirai birjik a kanta kamar an watsa wa kaji tsaba, har inda ido ya gaza.

Ta daina taka feda ba ta sani ba.

"Rufe bakin, kar ƙuda ya faɗa," Audun ya ce yana waiwayowa.

"Malam, a nan fa aka haife ni."

"To ai na gani. Kallon da kike yi, ko Bajamushen da ya sauka jiya bai kai ki ba."

"Wallahi kamar an canza su, Audun. Da ba haka suke ba."

"Haka suke. Ke ce kika rage gudu."

Ta galla masa harara, amma dariya ta ƙwace mata.

Suka bi ta gonaki, tumaki na kwance a gefen titi da 'ya'yansu sababbin haihuwa, ko kallon kirki ba su yi musu ba. Suka haye wani tudu da ya sa ta zagi keken da mai keken gaba ɗaya. Suna kaiwa sama titin ya sake su, suka gangaro da gudu, iska na cika mata baki da ɗanɗanon gishiri, hawayen sanyi na gudu zuwa kunnenta. Ta ji kanta tana ihu kamar yarinya.

A ƙasan gangaren ne inuwa ta rufe su duka biyun. Gaggafar teku ce, ta zo ƙasa-ƙasa har suna ganin rawayan bakinta, fukafukanta sun fi tsayin mutum, ba ta ko kaɗa su. Ta tsallake titin ta miƙe teku abinta.

Suka ja birki tare. Suka bi ta da kallo sai da ta zama ɗigo.

"Shekara goma ina bin hanyar nan," Audun ya ce a hankali, "har yau in na gan ta sai gabana ya faɗi."

Sunniva ta dube shi, fuskarsa a ɗage, idonsa kamar na yaro. Ta ji son shi ya taso mata har wuya, tare da tsoro. Mutumin da hanya take yi wa haka, wa zai iya zaunar da shi?

Wajen sha ɗaya suka tsaya a kan wani falalen dutse bayan tsohuwar cocin bakin ruwa. Ya zuba kofi daga filas, ta yanka burodi ta shimfiɗa masa cuku mai ruwan ƙasa. Ba ta kai lomar farko baki ba wayarta ta yi ƙara.

Mama ce, Gunvor.

"Kina ina?"

"Muna hanya, Mama."

"Muna. Wato da shi."

Sunniva ta tashi ta matsa bakin ruwa.

"Mama, don Allah. Ku gan shi tukuna."

"Na gan shi shekara ashirin da takwas da suka wuce, 'yar nan. Ubanki ma da jaka ya zo, da murmushi, da labarin ƙasashe. Kakarki ta ce mini kar, na ce ni na san shi. Hunturu biyu ya yi a Ternholm. A na uku ya ce zai je Bergen ya dawo. Kina wata tara a hannuna. Har yau yana dawowa."

"Audun ba Baba ba ne."

"Ni ma haka na ce, wai shi ba kamar sauran ba ne." Muryar Mama ta karye. "Ba na so ki tsaya a bakin gaɓa kina ƙirga jirage kamar yadda na yi. Kin san abin da ake ji? Ba ki sani ba. Ga Jostein nan. Wa ya gyara wa Kakarki rufi da guguwa ta ɗauke shi? Wa ke kai mata gas? A gabanmu ya girma, mun san uwarsa, mun san inda yake kwana."

"Mama, ni ba rufi zan aura ba."

"To ki auri taya. Ki ga inda za ta tsaya da ke."

Ta kashe wayar.

Sunniva ta daɗe a tsaye, ruwa na lasar dutsen ƙarƙashin ƙafarta. Da ta dawo hawaye sun wanke mata fuska. Audun ya miƙa mata kofi, ta ture.

"Zan tambaye ka abu ɗaya. Kar ka yi mini daɗin baki."

"Ina ji."

"Za ka iya zama? Ba mako ba, ba hutu ba. Zama. Tsibiri ne da za ka zagaye shi a ƙafa kafin ruwan shayi ya tafasa. Babu titi. Babu inda za ka je."

Ya sunkuyar da kai yana juya kofin a hannu.

"Ban sani ba, Sunniva."

"Ba ka sani ba!"

"Kin ce kar in yi daɗin baki. Ban taɓa gwadawa ba. Na san ina son ki, wannan ko a tashe ni daga barci zan faɗa. Amma in na ce miki zan iya zama, ƙarya ce, don ban sani ba."

"To me za ka je ka faɗa wa Kaka?"

"Abin da na faɗa miki."

"Ka kashe ni ke nan." Ta zauna daɓas ta rufe fuska. "Ko 'yar ƙarya ba za ka iya yi mini ba? Ta yini ɗaya? Gobe da safe kana Bodø, mutum goma sha biyu na jiranka, mako uku kana arewa. Jirgin ruwan da ke dawowa ƙarfe shida na yamma za ka biyo ka bar ni da su. Su yi ta cusa mini Jostein safe da yamma, ni kuma ba ni da kalma ɗaya taka da zan riƙe."

Ya kama hannunta. Ba ta ƙwace ba, ba ta kuma riƙe shi ba.

Suka hau kekuna suka ci gaba da tafiya. Abin haushi, teku ba ta san ana rigima ba. Sai ƙara kyau take yi, rana na rawa a kanta, ruwan bakin gaɓa kore shar har ana ganin farin yashi a ƙasa. Sunniva na kuka tana kallo, ta rasa wanne ke matse mata ƙirji, baƙin cikin ko kyan.

Ƙarfe biyu suka isa 'yar tashar da jirgin wasiƙu ke tsayawa. Wa za su gani yana loda tukunyar gas a cikin farin jirginsa? Jostein, ƙato, kafaɗa kamar ƙofa. Mai gonar kifi ne, tun suna firamare yake cewa shi zai auri Sunniva, kuma bai taɓa ganin dalilin canza magana ba.

Ya ƙare wa Audun kallo daga hular kwano har matsattsen wandon keke.

"A'a, sannunku da zuwa. Wannan ne angon? Malam, wandon ƙaninka ka aro?"

"Nawa ne," Audun ya ce da murmushi. "Sannu da aiki."

"Sunniva, shigo in kai ki, minti ashirin mun isa. Kaka ta ce in zo cin waina. Shi ya jira jirgin wasiƙu da dokinsa, nawa ba ya ɗaukar ƙarafa."

"Na gode, Jostein. Tare muka zo."

"Tare kuka zo," ya maimaita yana kwance igiya. "Allah ya sa tare za ku koma."

Ƙarfe uku jirgin wasiƙu ya kusanto Ternholm. Tun daga nesa matuƙin ya rage injin har ya koma kamar numfashi. A watan Mayu ba a busa ƙaho a nan, ba a ɗaga murya, ba a buga ƙofa. Kyanwar Kaka ma tun Afrilu aka tsallakar da ita gari. Lokacin hawan ea ne, kamar yadda suke kiran agwagwar, lokacin da take fitowa daga teku tana neman inda za ta yi ƙwai. In ta tsorata sau ɗaya, ta tafi ke nan.

Audun ya sauke kekensa ya tsaya cak.

Tsibirin ɗan tudu ne mara bishiya ko ɗaya, amma cike yake da 'yan ɗakuna, na katako, na dutse, wasu da tsohon kwalekwale aka kife, ɗaruruwa, kowanne an shimfiɗa masa busasshiyar ciyawar teku. A kan ruwa kuwa mazan agwagin ne, fari da baƙi, ƙeyarsu kore, sun kewaye tsibirin. Kukansu na tashi daga ko'ina a tausashe, a-uuu, a-uuu, kamar taron tsofaffi da aka ba labarin mamaki. Nan da can ga mace ruwan ƙasa tana hawowa da tafiyar ƙasaita, mijinta na biye, tana leƙa ɗaki tana wucewa.

"Tsuntsayen daji ne?" ya tambaya cikin raɗa.

"Na daji. Babu mai ɗaure su. Da kansu suke zuwa."

"Su zo wurin mutum da kansu…"

Sunniva ta hango Kaka a ƙofar gida, ta yi gaba da sauri ta bi 'yar hanyar duwatsu. Da ta waiwaya da ta hana abin da ya faru, amma ba ta waiwaya ba.

Shi kuwa Audun ya yi abin da kowane mai keke ke yi a bakin teku. Ya jingina keken a bangon rumfar kwalekwale, ya zaro tamfol ya lulluɓe shi har ƙasa don kar gishiri ya ci sarƙa. Ya cire rigar ulun da ya yi gumi a ciki, ya jefa ta ƙarƙashi, ya sa farar riga ta ganin surukai. Wanda ya tashi a Ternholm ya san a watan Mayu ko bokiti ba a bari a kife. Audun a Trondheim ya tashi.

A kicin Jostein ya riga ya baje a kujerar kusa da taga, waina ta uku a hannunsa. Kaka 'yar ƙarama ce, busasshiya, idonta shuɗi kamar ba ya ƙiftawa. Ta ba Audun hannu, ta juya tafinsa ta duba, ta sake.

"Zauna."

Duk abin da ya biyo baya cikin raɗa aka yi shi, don a Ternholm ko faɗa za a yi da Mayu sai dai a yi shi a hankali.

"An ce ka je ƙasashe."

"Ashirin da uku, Kaka."

"Wanne ka zauna?"

"Babu ko ɗaya."

"Aikinmu a nan zama ne," ta ce. "Ka gyara ɗaki, ka zauna. Ta zo, ka zauna. Hankaka ya zo, ka tashi ka kore shi, ka dawo ka zauna. Ea ba ta yarda da mai sauri. Za ka iya?"

Sunniva ta kafa masa ido tana roƙonsa da zuciya.

"Ban sani ba, Kaka."

Jostein ya ƙyalƙyale da dariya har sai da Kaka ta dube shi ya haɗiye ta.

"Ka fi uban Sunniva gaskiya," Kaka ta ce wa Audun. "Shi rantsuwa ya yi mini. Amma da ban sani ba ba a riƙe tsibiri."

"Kaka!" Sunniva ta durƙusa gabanta ta riƙe gwiwoyinta. "Ke kika koya mini komai. Ke kika ce hannuna ya fi na Mama sanyi a kan tsuntsu. Yanzu don na so mutum sai ki raba ni da su? Laifin Baba ne zan biya? Ni ban zaɓi uba ba, Kaka. Wannan kaɗai na zaɓa."

Kaka ta shafa kan Sunniva.

"Na ga uwarki ta bushe a gabana tana jira. Mai jira ba ta ganin tsuntsu, teku take kallo. A shekarun nan ne muka rasa rabin ea. Ba zan sake gani ba. In kika bi shi, 'yar ƙanwata Oddrun za ta karɓi wurin. Ƙarfe shida jirgi zai dawo. In kin shiga, na ji amsarki. In kin tsaya ma na ji."

Kuka Sunniva ta yi, irin wanda ake toshe baki da hannun riga, mai cin rai fiye da na ihu.

Shida saura kwata suka fito su huɗu. Audun na gaba zai ɗauki kekensa, Sunniva na biye ba ta san ina ƙafarta za ta kai ta ba. Rana na nan a sama tana zuba haske kamar azahar.

Kaka ce ta fara gani. Ta damƙe hannun Audun ta baya.

"Tsaya."

A gaban tamfol ɗin wani namijin agwagwa ne tsaye, ƙirji a gaba, kamar mai gadin banki. Kaka ta sunkuya da ƙyar ta leƙa ta inda tamfol ɗin ya buɗe. Sunniva ta leƙa ta kafaɗarta.

Can ciki, tsakanin tayoyi biyu, a kan rigar ulun Audun, ea ce kwance. Ta tattaro rigar ta kewaye jikinta da ita. Ta dube su da ɗan baƙin idonta, ba tsoro, ba gaggawa, kamar ita ta gina wurin.

Ɗakuna ɗari uku a tsibirin, rabinsu fanko, kowanne Kaka ta gyara shi da hannunta. Ta wuce su duka.

Kaka ta miƙe a hankali. Sunniva ba ta taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Shekara tara," ta ce, da ƙyar ake jin ta. "Shekara tara ea ba ta hau ta gefen nan ba."

"Me zan yi?" Audun ya tambaya.

Sunniva ce ta amsa.

"Ba a taɓawa. Abin da ta zaɓa ya zama nata sai ta fita da 'ya'yanta. Kusan mako huɗu." Ta dube shi. "Kuma a gidan nan mai kaya shi ke gadinta. Gefen nan hankaki sun yi yawa. In babu mai zama kusa, kwana biyu ba za ta yi ba."

Daga nesa jirgin wasiƙu ya ɓullo ta bayan wani dutse.

Jostein ya dubi Kaka, ya ga inda take kallo. Ba tsuntsuwar take kallo ba, Audun take kallo. Nan take murmushinsa ya ɗauke.

"Haba, wane irin zance ne wannan," ya ce. "Ko ƙwai ba ta yi ba tukuna. A ɗaga ta, ga ɗakuna nan fanko. Bawan Allah na da aiki gobe, kar mu cuce shi."

Kafin kowa ya ankara ya taka gaba ya kai hannu zai yaye tamfol ɗin. Namijin ya yi tsalle gefe. Ea ta ɗaga wuya.

Hannun bai kai ba. Audun ya cafke shi a wuyan hannu, da irin riƙon mai ɗaure ƙarfe.

"Kar ka taɓa."

"Kekenka nake ceto maka, sakarai!"

"Rage murya." Audun ya ja shi baya taku ɗaya, taku biyu, uku. "Ka ji abin da aka ce. Ba nawa ba ne yanzu."

Suka tsaya ƙirji da ƙirji. A hankali ea ta sauke wuyanta, ta gyara kwanciya.

"Jostein," Kaka ta ce, "a tsibirin nan uwarka ta koyi aiki. Ka san abin da ka so yi."

Fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya fizge hannunsa.

Jirgin ya iso ya jingina da gaɓa, matuƙin ya ɗaga hannu yana tambaya. Audun zai iya barin keken ya tafi, ya ari wani a Bodø, babu wanda zai ce ya yi laifi. Ya dubi jirgin. Ya dubi can bayansa, inda duwatsu bakwai ke tsaye a kan teku da hanyar da ke ƙarƙashinsu, ya daɗe yana kallo.

Sai ya jawo wani tsohon akwatin kifi, ya kife shi nesa kaɗan da tamfol ɗin, ya zauna. Ya ciro waya.

"Terje, ni ne. Ba zan zo gobe ba. Ka nemi wani ya kai su… A'a, lafiyata ƙalau. Agwagwa ce ta kwanta a ƙarƙashin kekena."

Ihun maigidansa ya fara fitowa daga wayar. Audun ya yi sauri ya danne ta a cinya da tafin hannu, yana leƙen ea ko ta ji. Sai da ihun ya ƙare ya mayar kunne.

"Na ji. In ka ce kar in dawo, ba zan ce ka zalunce ni ba."

Ya kashe. Ya ɗaga wa matuƙin hannu alamar ya tafi.

Jirgin ya ja baya, ya juya, ya yi ta ƙanƙancewa. Sunniva na tsaye a kan tsibirinta, Audun na zaune a kansa, ta kasa gane yadda aka yi duka biyun suke wuri ɗaya. Ta toshe baki da hannu biyu, hawaye na bin yatsunta.

Jostein ya sauka cikin jirginsa. Kafin ya tura ya ɗago.

"Mako huɗu da yawa, mai keke. Zan riƙa zuwa da gas. Ranar da ƙafarka ta fara ƙaiƙayi, kyauta zan tsallakar da kai."

Audun bai ko waiwaya ba. Wani hankaka ne ya sauka a kan rufin rumfar, shi yake kallo.

Kaka ta daɗe a tsaye tana duban bayansa. Sannan ta juya ta kama hanyar gida. Sunniva ta bi ta ta riƙo gefen rigarta.

"Kaka…"

"Ban ce na yarda ba. Zaman minti goma ba zama ba ne."

Ta yi taku uku ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Gadin asuba akwai sanyi, ga shi ya ba da rigarsa. Ki hau sama ki buɗe akwatin nan, ki ɗauko masa bargon marigayi kakanki."

Sunniva ta saki rigar. Bargon da Kaka ta tara wa gashi shekara uku kafin aurenta ne, kuma tun da aka binne mai shi, shekara goma sha huɗu, ko Mama ba a bari ta taɓa shi ba.

"Me kike kallo?" Kaka ta ce. "Yi sauri. Amma kar ki buga ƙofa."